Inabin Pinot Noir: Gona Ce Ke Ba Shi Ɗanɗano, Ko Hannun Mai Ita?

Ɗan Madawa (Dijon): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so mu baje, musamman ku manoma da masana ƙasa. A yankin Burgundi na Faransa, kudu da birnin Dijon, akwai wani dogon gangaren tudu da ake kira Côte d'Or. Kusan duk jan inabin da ke kansa iri ɗaya ne, Pinot Noir. Iri ɗaya, amma an yanyanka ƙasar gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta da iyakarta. A 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gonaki cikin kayan tarihin duniya, guda 1,247. Abin da mutanen nan suka tsaya a kai shi ne: gona biyu da 'yar hanyar ƙafa ce kawai ta raba su, iri ɗaya, manomi ɗaya, shekara ɗaya, amma abin da aka matse daga kowace daban yake a hanci da baki. Shi ya sa ba sa gauraya amfanin manyan gonakinsu. Kowace kwalbarta daban, kuma sunan gonar ake rubutawa a jiki, ba sunan irin ba. Ni matsayina, gaskiyarsu ne. Wanda bai yarda ba, bismillah.

Malam Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a yi nisa. Wannan inabin da kake faɗa ai na giya ne, kuma hukuncinta a wurin Musulmi ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90. Hanin kuma bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai matsa da mai ɗauka da mai sayarwa. Tsorona kada a ƙawata wa yaranmu abin da aka hana su.

Ɗan Madawa: Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na gode. Ba na sha, ba na matsa, ba na sayarwa. Karatuna na kimiyyar ƙasa ne, aikina haƙa rami da auna danshi. Abin da ya sa na kawo maganar, da wuya a sami amfanin gonar da aka bi diddigin ƙasarsa taki-taki tsawon ɗaruruwan shekaru kamar wannan. Duk mai son sanin abin da ƙasa ke yi wa shuka, dole ya leƙa nan.

Shugaban Zaure: Malam ya yi tunatarwa, an ji. Hukunci yana nan yadda yake, ba shi muke ja a kai ba. A zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, kowa ya san iyakarsa. Tambayar ita ce: ƙasa tana sauya ɗanɗanon abin da aka shuka har a bambance gona da gona, ko a'a? A tsaya a nan.

Dakta Bazazzagiya: To ni ban yarda ba, ƙanena, aƙalla ba yadda suke tallata shi ba. Sana'ata ke nan, sinadaran abinci. Idan ka karanta abin da suke rubutawa a bayan kwalba, sai ka ga ana cewa wai ana jin ɗanɗanon dutsen farar ƙasa, ana jin tsakuwa. Dutse ba shi da ɗanɗanon da zai bi saiwa ya hau cikin 'ya'ya. Saiwa ba ta shan dutse. Abin da take ɗauka narkakkun sinadarai ne irin su fotashiyam da kalsiyam, kuma kalsiyam ɗin da ya fito daga dutse da wanda ya fito daga buhun taki duk ɗaya suke a wurin shuka. Adadin da ke isa cikin ruwan inabin ma bai taka kara ya karya ba, harshe ba ya kama shi. Wani masanin duwatsu na Birtaniya, Alex Maltman, ya daɗe yana bayyana wannan.

Sannan ga matsalar masu ɗanɗanar su kansu. A 2001 an wallafa wani gwaji da aka yi a Bordeaux: aka ɗauki farar giya aka rina ta ja da rini marar ƙamshi, aka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan sana'a. Suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. A 2008 kuma a Kalifoniya aka ba mutane giya ɗaya sau biyu, aka ce musu wannan ta dala 10 ce, waccan ta dala 90. Suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, har na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sun fi jin daɗin da gaske. In launi da farashi suna juya harshe haka, ina ga sunan gonar da mutum ya girma yana jin ana kambama ta?

Ɗan Madawa: Yaya Dakta, maganar dutse kam mun haɗu. Ni ma ban ce ana lasar dutse a cikin kofi ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ruwa ne asirin, sai rana, sai sanyi.

Bari in kai ki bakin rami. Gangaren nan gabas yake kallo, hantsi ne ke fara dukansa. In ka haƙa a can sama kusa da kurmi, taki biyu ka tarar da dutse, ƙasar ba ta da kauri, ga iska mai sanyi, 'ya'yan sai su makara wajen nuna. In ka sauko ƙasa kusa da babban titin Dijon zuwa Beaune, sai ka haƙa har gatarin ya gaji ba ka ga dutse ba, laka ce mai nauyi, in ka dunƙula ta a hannu ta zauna kamar ta tukunya, tana riƙe ruwa. Kurangar da ke nan ba ta san ƙishirwa ba, sai ta yi ta tofo da ganye, 'ya'yanta su yi ɓul-ɓul da ruwa. A tsakiyar gangaren, wajen tsayin mita 250 zuwa 300, a nan ne ƙasar take gauraye da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya, amma dutsen da ke ƙarƙashi yana da tsage-tsage da saiwa ke bi ta sami ɗan abin sha da bazara. Wannan 'yar ƙishirwa da ba ta kai ta kisa ba ita ke sa kuranga ta daina miƙa rassa ta mai da ƙarfinta kan 'ya'ya. 'Ya'yan su yi ƙanana, fata ta yi yawa a kan ruwa. Launi kuwa da yawancin bauri da ƙamshi a fata suke. Kuma kusan duk gonakin da suka ba babban matsayi, waɗanda suke kira grand cru, a wannan tsakiyar suke jere.

Sai sanyi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take yi ta taru a kwari. A watan Afrilun 2021 jaura ta sauka bayan kurangu sun riga sun tofo, manoma suka kwana suna kunna manyan kyandira a tsakanin kunyoyi, duk da haka aka yi asara mai yawa. A irin wannan dare, bambancin wurin da gonarka take a jikin tudu shi ne bambancin girbi da hannu rabbana. Pinot Noir kuma fatarsa siririya ce, 'ya'yansa a cunkushe suke, ba shi da ƙarfin launi ko baurin da zai rufe waɗannan bambance-bambancen. Komai ya same shi sai ya nuna.

Alhaji Mai Inabi (Kudan): Yaron nan gaskiya ya faɗa. Ni inabin ci nake nomawa, ban san na Turawa ba, amma ina da gona biyu, iri ɗaya na dasa. Ɗaya tana kan jigawa, ɗaya ta gangara wajen fadama. Ta jigawa 'ya'yanta ba su cika girma ba amma zaƙi kamar me, kuma ita ke riga nuna. Ta ƙasa nonon ya fi cika ido, ya fi nauyi a sikeli, amma in ka tauna ruwa-ruwa ne, kuma ita ce ke fara ruɓa in an yi raɓa. Dillalai ma sun sani, ta jigawa suke fara tambaya.

Dakta Bazazzagiya: Baba Alhaji, Allah ya ƙara albarka. Amma ka lura, kai kake ba su ruwa. In ka rage wa ta fadama ruwa makonni kafin girbi, ka rage mata nono, za ta matso kusa da ta jigawa. Ka ga ke nan hannu ya shigo.

Kuma a nan nake so in tsaya, don nan ne maganar ƙanena take da rauni. Ku ɗauki Clos de Vougeot. Gona ce ɗaya mai katanga, wajen hekta 50, 'yan zuhudun Cîteaux ne suka kafa ta suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru har juyin juya halin Faransa ya ƙwace ta. Yau masu ita sun kai kusan 80, saboda saye da sayarwa da rabon gado. Duk suna rubuta suna ɗaya a kwalba. Amma kowa a wannan harka ya san na wani ana rububinsa, na wani kuwa ba a waiwayarsa. In gona ce ke magana, me ya sa bakinta ya rabu tamanin?

Saboda tsakanin kuranga da kwalba akwai shawara iri-iri, kowace tana juya ɗanɗano. Yaushe za a tsinka? Mako ɗaya na jinkiri yana ƙara zaƙi ya rage tsami. Za a cire karan nonon kafin a tsima, ko a zuba har da shi? Henri Jayer, wanda suke ɗauka gwani na gwanaye a Vosne-Romanée, cirewa yake yi gaba ɗaya. Gidan Romanée-Conti da ke ƙauye ɗaya da shi sukan bar kara. Abin da ke fitowa ba ya kama da juna. Za a jiƙa 'ya'yan cikin sanyi kwanaki kafin tsimi ya tashi? Yis ɗin da ke jikin fatar za a bari ya yi aiki ko na sayarwa za a zuba? Gangar katakon da ake ajiyewa, mai cin lita 228, sabuwa ce ko tsohuwa, kuma yaya aka babbaka cikinta? Sabuwar ganga ita kaɗai tana iya danne duk wani ƙamshin gona da nata na hayaƙi. Har sukari doka ta yarda su ƙara a shekarar da rana ta yi ƙaranci.

Kada kuma a manta saiwar da ke cikin wannan ƙasa mai daraja ba ta Pinot Noir ba ce. Tun da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, aure ake yi wa kurangar a kan gindin inabin Amurka. Manomi ne ke zaɓen gindin, shi ke zaɓen reshen da zai aura.

Ɗan Madawa: Yaya, Clos de Vougeot ai shaidata ce, ba taki ba. Katangar ta faro daga tsakiyar gangare ta sauko har bakin titi. Sashen sama tsakuwa, sashen ƙasa laka mai riƙe ruwa. Ba gona ɗaya ba ce a idon mai auna ƙasa, katanga ce kawai ta haɗa su. Masu saye na gaske sukan tambayi a wane sashe kunyoyin mutum suke kafin su tambayi komai. Maganar ban ruwa kuma, a nan Burgundi kurangar da ta fara haihuwa ruwan sama kawai take sha, babu mai jan tiyo. Shi ya sa abin da ƙasa ta riƙe shi ne abin da shuka ta samu.

'Yar Wusasa (Cape Town): Salama gare ku duka. Na ga ana ta magana a kan ɗanɗano, to bari wadda ta ɗanɗana ta sa baki. Ni Kirista ce, a gidan cin abinci nake aiki, kuma sanin abin da muke zuba wa baƙi yana cikin aikina.

Nan Afirka ta Kudu akwai wani kwari kusa da garin Hermanus da ake kira Hemel-en-Aarde, iskar teku na sanyaya shi, shi ya sa Pinot Noir ya karɓe shi. An raba shi kashi uku a hukumance: na ƙasa, na sama, da na kan ƙirjin tudu. Na ƙasa ƙasarsa laka ce da ta samu daga dutse mai ɓarewa falle-falle, na sama kuwa akwai ruɓaɓɓen dutsen giranit mai yashi-yashi. Akwai masu sana'ar da ke ɗibar inabi daga sassan uku, su sarrafa su hanya ɗaya, su zuba kowanne a kwalbarsa. Wannan ya kawar da maganar hannu, tunda hannun ɗaya ne.

In aka jera mini su uku, ga abin da nake ji. Na giranit launinsa ya fi haske, kana hango yatsanka ta bayan kofi, ƙamshinsa yana tashi da wuri, na sitiroberi da fure da wani abu mai kama da zoɓo, a baki kuma ba shi da nauyi, tsaminsa ne ke jan shi. Na laka ya fi duhu, ƙamshin ba ya fitowa sai an ɗan jujjuya an jira, yana kawo baƙin ceri da ƙamshin busasshen ganye mai damshi, kuma baurinsa yana kama dasashi ya daɗe. Ko an rufe kwalaben ina gane cewa ba abu ɗaya ba ne. Amma Anti Dakta tana da gaskiya a wuri ɗaya: gane cewa sun bambanta abu ne, faɗin sunan gonar kowanne ido a rufe wani abu ne daban. Na farkon duk mai hanci da ya saba zai iya. Na biyun ko manyan gwanaye suna tuntuɓe a kai.

Ɗan Kasuwa Na Kwari: To ai nan ne kuɗin yake, 'yar'uwa. Ni ba masani ba ne, amma na san kasuwa. Gonar Romanée-Conti gaba ɗayanta hekta 1.8 ce, kwalba dubu biyar zuwa shida take bayarwa a shekara, duniya kuma cike take da masu kuɗi. A watan Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta shekarar 1945 a New York kan dala 558,000. Wa zai ce mini laka da tsakuwa aka saya? Ƙarancin abu aka saya, da suna.

Kuma ku tuna Rudy Kurniawan. Shekaru ya yi yana haɗa giya mai araha a gidansa a Kalifoniya, yana zubawa a tsofaffin kwalabe, yana manna sunayen manyan gonakin Burgundi, attajirai da masu kiran kansu gwanaye suna sha suna yabo. Me ya tona shi? A 2008 aka kai gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin giyar wannan gona ba sai 1982. Mai gidan, Laurent Ponsot, shi ya taso har New York ya sa aka janye su. Lissafin shekara ne ya kama shi, ba harshe ba. A 2014 aka yanke masa shekara 10.

'Yar Wusasa: Yaya, wannan gaskiya ne, amma waɗancan kwalaben an ce sun shekara hamsin, sittin. Mutum nawa ne a duniya suka taɓa shan na gaskiyar balle su gwada? Ba a kan irin wannan nake magana ba. Ni sabbi uku na jera, na shekara ɗaya.

Ɗan Madawa: Tunda harshe ne ake tuhuma, bari mu ajiye shi. A 2014 masu bincike na jami'ar nan ta Burgundi tare da abokan aikinsu na Jamus sun wallafa wani aiki. Suka ɗauki gona biyu na Pinot Noir, ɗaya a Flagey-Echézeaux ɗaya a Vosne-Romanée, tsakaninsu bai kai kilomita 2 ba, mai sarrafawa ɗaya, girbin 2010 da 2011 da 2012. Suka sa inabin da giyar a na'urar da ke tantance dubban sinadarai. Na'urar ta raba gonakin biyu. Ita ba ta karanta sunan kwalba, ba ta san farashi ba.

Dakta Bazazzagiya: Na san aikin, ƙanena, ka ƙarasa shi mana. Abin da ya fi fitowa fili a sakamakon shi ne shekara. Bambancin 2010 da 2011 ya fi na gona da gona girma, sai an ware kowace shekara ita kaɗai sannan alamar gonar take bayyana. Wato yanayin damina ya fi ƙasa ƙarfi. Sannan abin da na'ura ta gani ba lallai harshe ya ji ba. Ban ce bambancin babu ba. Cewa na yi ƙarami ne, an hura shi ya zama dutse don a sayar.

Ka kuma duba yadda aka ja iyakokin nan da kake girmamawa. Tun 1395 mai mulkin Burgundi na lokacin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tuge irin inabin Gamay don kare martabar Pinot, wato hukuma ta daɗe da sa hannu a wannan kasuwa. A shekarun 1930 aka mai da matsayin gonakin doka. Garin Nuits-Saint-Georges, da Pommard, da Volnay, duk sanannu ne, amma ko grand cru ɗaya ba su samu ba. Akwai wata siririyar gona, La Grande Rue, tana kwance tsakanin La Tâche da Romanée-Conti, manya biyu na gefenta. Ba a ba ta babban matsayi ba sai 1992. Ƙasar ce ta sauya a 1992, ko takarda?

Ɗan Madawa: Takarda ce ta makara, Yaya. In da doka ce ke ƙirƙirar daraja, da ba za a dawo a gyara ba. An gyara ne don ƙasar da ke ƙarƙashinta ta maƙwabtanta ce. Kuma tun kafin dokar, a 1855, Jules Lavalle ya rubuta jerin gonakin nan bisa daraja, kuma mafi yawan waɗanda ya sa a sama su ne a sama har yau. Masu gonakin sun mutu, an sayar, an raba gado, filoksera ta cinye kurangun an sake dasa wasu a kan wani gindi, hanyar sarrafawa ta sauya, amma wuraren da ake nunawa da yatsa ba su gusa ba. In hannu ne kawai, da darajar ta bi hannu ta yi ta yawo.

Dakta Bazazzagiya: Ta bi hannu mana. Cros Parantoux fa? 'Yar gona ce wajen hekta ɗaya a saman babbar gonar Richebourg, an yi watsi da ita bayan filoksera, har wani abin ci mai saiwa aka shuka a ciki lokacin yaƙin duniya na biyu. Henri Jayer ne ya fasa dutsen da nakiya ya dasa inabi, ya fara fitar da ita da sunanta a 1978. Yau tana cikin mafi tsada a duniya, kuma har yanzu ba grand cru ba ce. Mutum ne ya yi ta. Sannan Oregon a Amurka: David Lett ya dasa Pinot Noir a kwarin Willamette a 1965, a 1979 giyarsa ta yi fice a wata gasa a Paris, har gidan Drouhin na Beaune suka je suka sayi ƙasa a tsaunukan Dundee a 1987. Ƙasar can ja ce ta aman wuta, babu farar ƙasa. Ina sharaɗin dutsen Burgundi?

Ɗan Madawa: Jayer yana da wasu gonakin, hannunsa ɗaya a kansu duka, me ya sa bai mai da su duka Cros Parantoux ba? Ya ware ta ne don ya ji ta fita daban. Oregon kuma ai ta ƙara mini ƙarfi. Dutsen ba ɗaya ba, amma sanyin da gangaren da rashin kwanciyar ruwa suna nan, abin da na faɗa tun farko ke nan. Su ma can da suka zauna, sai ga su suna ware gonakin jar ƙasa da na tsohon yashin teku, kuma dokarsu ta ce in ka rubuta sunan gona ɗaya, kashi 95 cikin 100 na inabin ya fito daga cikinta.

Ni ɗan ƙasar albasa ne. Irin albasar Galmi babu inda ba a kai shi ba a Afirka ta Yamma, ana shukawa tana yi. Amma matan da ke girki da dillalan da ke ajiya sun san wadda ta fito daga kwarinmu, wajen yaji da daɗewa ba ta ruɓe ba. Har rajista aka yi wa sunan don kada kowa ya ɗauka.

Ɗan Kasuwa Na Kwari: Kuma har gobe ana ɗura ta wani wuri a buhu a ce ta Galmi ce, a saya a ci ba a gane ba. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu.

Malam Na Tudun Wada: Ina bin ku. Matsayina a kan abin da suke yi da inabin bai sauya ba. Amma Alƙur'ani da kansa, a Suratur Ra'ad aya ta 4, ya ambaci yankunan ƙasa maƙwabtan juna da gonakin inabi da shuka da dabino, ana shayar da su ruwa ɗaya, amma an fifita wani a kan wani wajen ci. Don haka bambancin gona da gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku auna shi a kan abin da ya halatta.

Ɗan Madawa: Allah ya saka da alheri, Malam. Akwai ma abin da ya sa aunawar ta zama dole yanzu. Garin Beaune yana da tarihin ranakun fara girbi tun daga 1354. Da masana suka tattara shi a 2019, suka ga daga 1988 zuwa 2018 girbi yana riga tsohon lokacinsa da kusan kwana 13. Gonakin can sama da a da ake raina su don sanyi yanzu suna nuna da kyau, na tsakiya kuma a shekarar zafi zaƙi yana yi musu yawa tsami ya gudu.

Dakta Bazazzagiya: To ka ga, in zafi ya ci gaba, mafi kyawun wurin zai hau sama, amma sunan da farashin za su zauna inda doka ta ajiye su. A ranar za a san wanne ake biya.

Alhaji Mai Inabi: Ni dai ku bar ni da Faransa. Dakta, kin ce hannuna ne, yaron nan ya ce ƙasata ce. Yaya zan yi in gane a gonata?

Dakta Bazazzagiya: Mai sauƙi ne, Baba. Bana ka yi musu aski rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa daidai wa daida, ka bar wa kowace kuranga nono adadi ɗaya. Ka tsinka rana ɗaya, kada ka gauraya. Akwai 'yar na'urar auna zaƙi da ake ɗiga ruwan 'ya'yan a kan gilashinta a duba a rana, ka auna daga kurangu da yawa a kowace gona ka rubuta. Sannan gwajin baki: faranti uku, biyu daga gona ɗaya, ɗaya daga ɗayar, 'ya'yan masu girma ɗaya, wanda ya jera kada ya zama shi ke miƙawa. A ce wa mutum ya fitar da baren. Mai cinta kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai ka tara mutum talatin ko fiye. In waɗanda suka gane sun haura rabi sosai, bambancin na gaske ne. Ni hasashena zaƙin zai matso kusa da juna fiye da yadda kake zato.

Ɗan Madawa: Ni kuma na ce ta jigawa za ta ci gaba da rinjaye ko an daidaita ruwan, don lakar fadama za ta riƙe nata ta ƙi saki. Baba, kafin aski ka sa a haƙa rami ɗaya a kowace gona, tsakanin kunyoyi, zurfin ƙugun mutum. A share bango ɗaya da wuƙa a ɗauki hoto da rana, a jingina sanda mai alamar awo a jiki. Ina so in ga inda launin ƙasar ya sauya, da inda saiwoyin suka tsaya, da ko akwai toka-toka ko tsatsa-tsatsa a ƙasan, don wannan ke nuna ruwa yana kwana a wurin.

Alhaji Mai Inabi: Ta jigawa akwai marmara a ƙasa, ba na jin za a kai ƙugu.

Ɗan Madawa: A tsaya inda aka tarar da ita, Baba, a auna zurfin a rubuta. A ɗebo ƙasa cikin leda daga sama da tsakiya da ƙasan ramin, kowace daban da alamarta, a shanya a inuwa.

Dakta Bazazzagiya: In ta bushe a aiko mini Zariya, ni zan kai ɗakin gwaji. A haɗo da lissafin ruwan da aka ba kowace gona mako-mako, in babu shi ba zan karɓi sakamakon ba.